Zauren Tambaya: Majalisa za ta iya yanka wa kwanon shinkafa farashi?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a bakin tukunya suka tsaya. Na ɗebo huɗu daga ciki, sauran ku yi mini uzuri.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwar 'ya'ya shida ce, maigidana malamin firamare. Ina yawan ji a rediyo 'yan majalisa sun tashi sun ce a dawo da hukumar ƙayyade farashi, wasu kuma su ce ba za ta yiwu ba, daga nan sai a shiga wata maganar. Mu dai albashi ba ya kai mu sha biyar ga wata. Me ya hana su ce kwanon shinkafa kaza ne, wanda ya ƙara a kama shi? Iko ne ba su da shi, ko so ne ba sa yi?
*Wata uwar gida daga Kurna, Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya zuri'a ya yi musu albarka.

Iko kam suna da shi. Tsarin mulkin 1999 ya jera abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka, kuma a lamba ta 62 an ambaci ƙayyade farashin duk kayan da majalisar ta ayyana a matsayin na masarufi. Dokar ma tana nan da ranta tun 1977, zamanin mulkin soja na Obasanjo, ba wanda ya soke ta. Amma bari in karanto miki kayan da ta lissafa: keke, babur, mota da kayan gyaransu, fulawa, ashana, madara, gishiri, sukari, sai man fetur da danginsa. Kin ji shinkafa a ciki? Babu ita, babu masara, babu gero, babu wake, babu man girki. Doka ce ta zamanin da ma'aikaci ke mafarkin keke sabo fil.

A watan Fabrairun 2024 lauya Femi Falana ya samu hukunci a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, inda alƙali ya ba gwamnati kwana bakwai ta yanka wa waɗannan kaya farashi. Kwana bakwai suka zo suka wuce, sukari ko labari bai ji ba.

Abin da kike ji a rediyo kuwa, mafi yawansa ƙudirin jan hankali ne. Ɗan majalisa ya miƙe ya koka, 'yan uwansa su tofa albarkacin bakinsu, a buga guduma, a ce ana kira ga Gwamnatin Tarayya ta yi kaza. Wannan kira bai ɗaure kowa ba. Ƙudirin doka shi ne wanda ake yi wa karatu uku a kowane zaure, a saurari jama'a, shugaban ƙasa ya sa hannu. Idan kin ji labari, ki kasa kunne ki ji wanne ne daga ciki, za ki rage wa kanki sa rai.

To a ce sun yi dokar, an sa shinkafa a ciki. Nan ne zan ba ki labarin gidanmu, don na ga abin da idona.

A 1984, zamanin Janar Buhari na farko, ina ɗan saurayi, mahaifina yana da shagon tireda a Tudun Wadar Zariya. Madara da sukari da sabulu da Omo sun yi wuya, 'yan boko suna ce musu esenko. Wata ranar Talata da hantsi wasu masu kaki suka dira a layinmu da bulala, suka sa aka fito da katan-katan ɗin madara ƙofar shago, suka ce a sayar a farashin gwamnati. Baba ya ɗauko rasit ya nuna musu cewa shi kansa ya saro sama da haka. Ba wanda ya kalli takardar. Kafin azahar an wawashe kayan, mutane suna ta sa wa gwamnati albarka, ni ma a raina na ji daɗin ganin yadda maƙwabtanmu ke murna. Baba ya zauna a kan benci yana ƙirga kuɗin, ya sake ƙirgawa, bai ce uffan ba.

Daga ranar kantar shagon ta zama fayau, sai ashana da allura da zare. Madarar ta koma ƙarƙashin gadon Inna. Baƙuwar fuska ta zo, a ce babu. Wanda aka sani, a ce masa ya dawo bayan isha'i, ya kuma biya fiye da kuɗin da, don yanzu har da ladan tsoro a ciki. Ni kuma aka riƙa tura ni layin kantin gwamnati tun asuba. Ranar da na yi sa'a in dawo da gwangwani biyu da sandar sabulu bayan la'asar. Waɗanda ke gaban layi kullum su ne dai, kuma a bayan ginin suke sayar da abin da suka karɓa, ninki biyu. Talakan da aka yi abin dominsa ya tashi da asarar wuni da ƙarin kuɗi.

Dalilin a fili yake. Kuɗin kwanon shinkafarki ba a shagon mai awo aka haife shi ba. Manomin rani a fadamar Argungu da fetur yake tayar da injin ban-ruwa, fetur ɗin da yake ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023, ya haura 500 a cikin kwanaki, ya haura 1,000 a Oktoban 2024. Dalar da ake sayo taki da maganin feshi da kayan gyaran inji da ita tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Ga gonakin da aka bari saboda 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari. Ga shingaye a hanya, kowanne da hannu a miƙe. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Yunin 2024 tsadar abinci ta ƙaru da sama da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Idan aka bar duk wannan aka zo aka shaƙe mai awo a ƙarshen layi, an bar jaki ana dukan taiki.

Gwamnati tana iya karya farashi ta hanya guda da na sani tana aiki: ta zama tana da kaya a rumbu, ta saya da kaka lokacin araha, ta fito da shi da bazara ta sayar da sauƙi. Mai ɓoyo da ya ga haka da kansa zai buɗe sito. Muna da manyan rumbunan gwamnati da za su ɗauki sama da tan miliyan ɗaya, an ba 'yan kasuwa hayar da yawa daga cikinsu a 2018. Da wuta ta yi wuta a Fabrairun 2024, abin da aka ba da umarnin fitarwa tan 42,000 ne. Raba shi ga mutum sama da miliyan 200, kowa bai cika gwangwanin madara biyu ba. Cika rumbu kuɗi yake so, kuɗin kuma a kasafi ake sa shi, kasafin kuma a hannun waɗannan 'yan majalisar yake. Don haka amsar tambayarki ta biyu, ta so ko rashin so, ki duba abin da na ce wa ɗalibin Bauchi a ƙasa.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwar hatsi ne, shekarata 22 a harkar. Yanzu ko a masallaci kallon azzalumai ake mana. Ni kuma na ji malamai sun ce Manzon Allah (SAW) ya ƙi yanka farashi. Ashe ke nan abin da 'yan majalisa ke nema haramun ne?
*Wani Alhaji daga Funtuwa*

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ni ba mai fatawa ba ne, amma abin da na karanta a gaban malamaina zan faɗa maka, kai kuma ka kai wa naka su duba.

Hadisin gaskiya ne. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka ce a yanka musu farashi, Annabi (SAW) ya ce Allah ne mai yanka farashi, mai ƙuntatawa, mai yalwatawa, mai azurtawa, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa ba wanda ke bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Abu Dawuda da Tirmizi duk sun kawo shi. Sai dai 'yan kasuwa kuna son wannan hadisi ƙwarai, kuna mantawa da ɗan uwansa da Muslim ya ruwaito, cewa ba mai ɓoye kaya sai mai saɓo. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Malamai irin su Ibn Taimiyya sun raba abin gida biyu. Tsadar da ta zo don kaya sun yi ƙaranci ko masu saye sun yi yawa, tilasta wa mai kaya ya sayar da asara zalunci ne. Tsadar da 'yan tsiraru suka haɗa baki suka ƙirƙira alhali mutane na cikin buƙata, hukuma tana da damar sa baki. Abin da ya fi burge ni shi ne hanyar da Ibn Habib, cikin malamanmu na Malikiyya, ya bayar: shugaba ya tara manyan 'yan kasuwar, ya kira wasu amintattu da za su gaskata ko su ƙaryata, ya tambaye su nawa suke saye nawa suke sayarwa, a daidaita a kan abin da zai bar musu riba bai kuma cuci jama'a ba, da yardarsu. Ka ga da rasit aka fara, wanda masu kakin nan suka ƙi kallo a hannun Baba.

Sayen hatsi da kaka a ajiye zuwa bazara tsohuwar sana'a ce, da babu ku da an ci an ƙare tun kafin damina. Amma kai ka fi ni sanin bambancin mai ajiya da wanda ya ji buhu yana tashi kullum ya sa kwaɗo ya tafi Umara. Da hukumar karɓar ƙorafi da yaƙi da rashawa ta Kano ta rufe wasu sito-sito a Dawanau a Fabrairun 2024, 'yan kasuwar sun ce kayan ciniki ne da na kwangila, mutanen gari kuma suka yi ta tafi. Ina jin a cikin kowane ɓangare akwai mai gaskiya. Abin da ya ba ni haushi shi ne ba mu da wani rajista da zai nuna wa ke da buhu nawa a ina, sai an zo ana fasa ƙofa da 'yan jarida.

Kuma ai kun ga ɗaya fuskar. Bayan gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da aka cire wa ƙaiƙayi ba haraji na kwana 150 daga Yulin 2024, aka kuma samu kaka, farashin hatsi ya sauko a 2025 har masu ajiya da yawa suka tafka asara. Mai saye ya ɗan numfasa, manomi kuma ya sayar da masara buhu biyu ko fiye kafin ya sayi taki buhu ɗaya. Wannan manomin ban ji an yi masa dogon zama a majalisa ba, alhali idan ya yi fushi ya rage gona, baɗi Hajiyar Kurna ce za ta biya.

Tambaya: Baba, ina aji uku a jami'a. An ce an cire tallafin mai don a yi wa talaka aiki, kasafin kuɗi kuma kullum ƙaruwa yake. Ina kuɗin suke tafiya? Kuma gaskiya ne abin da Sanatanmu Abdul Ningi ya faɗa na cushe a kasafin kuɗi?
*Wani ɗalibi daga Bauchi*

Amsa: Ɗana, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Ɗauko biro.

Kasafin 2023 naira tiriliyan 21.8 ne, na 2024 tiriliyan 28.7, na 2025 tiriliyan 54.99. A ido ya ninka har da ɗoriya. Amma na 2023 an lissafa shi a kan dala ɗaya naira 435, na 2025 a kan 1,500. Buga lissafin da kanka: na farko ya kai dala biliyan 50, na biyu bai kai 37 ba. Rigar ce ta yi faɗi, mai ita ramewa ya yi.

A cikin tiriliyan 54.99 ɗin, sama da 14 na biyan bashi ne, wato naira ɗaya cikin kowace huɗu ta tafi tun kafin a sayi allura. A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Abin da aka gabatar wa lafiya a kasafin 2025 bai kai tiriliyan 2.5 ba, wajen kashi 5 ke nan. A 2003 a Maputo aka yi wa noma alkawarin kashi 10, shi ma Tarayya ba ta kusanci wurin ba. Wani kaso mai tsoka na kuɗin da aka samu bayan cire tallafi da faɗuwar naira ya tafi ga jihohi da ƙananan hukumomi ta rabon wata-wata, don haka rabin tambayarka gidan gwamnatin jiharku za ka kai ta.

Yanzu ga inda nake cewa a duba so da rashin so. A ƙarshen 2023, ana tsakiyar kukan tsada, aka saya wa 'yan majalisa manyan motoci, jaridu suka ce kowace ta kai naira miliyan 160. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na 70,000, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, sai ya yi shekara 190 bai ci bai sha ba kafin ya tara kuɗin guda. A Yulin 2024 ɗin 'yan Majalisar Wakilai suka amince su yafe rabin albashinsu na wata shida don taimaka wa talaka, jimilla naira miliyan 648. An gode, amma kuɗin mota huɗu ne cikin 360 ɗin da aka saya musu. Albashin dama ba shi ne naman ba. Sanata Kawu Sumaila ya faɗa wa Sashen Hausa na BBC a Agustan 2024 cewa abin da ke shigo masa na gudanar da ofis naira miliyan 21 ne duk wata. Gidan mataimakin shugaban ƙasa da aka buɗe a Yunin 2024 ya ci biliyan 21.

In yi musu adalci: da aka ga naira biliyan 5 na jirgin ruwan shugaban ƙasa a ƙaramin kasafin 2023, mutane suka yi ca, Majalisar Wakilai ta cire kuɗin ta mayar kan bashin karatun ɗalibai. Ashe idan surutu ya yi yawa suna ji.

In kuma taɓa namu, don kada a ce gwano ba ya jin warin jikinsa. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa naira biliyan 90 a tallafin aikin Hajji. Hajji a kan mai iko ya wajaba. Na san wannan magana za ta jawo mini wasiƙu masu zafi, har daga abokaina da suka sauke farali a shekarar, amma ku lissafa buhun gero nawa kuɗin nan zai zuba a rumbu, sannan ku rubuto.

Maganar Ningi kuwa, a Maris 2024 ya ce a hirarsa da BBC Hausa akwai kimanin tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da bai ga ayyukan da aka jingina su a kai ba. Fadar shugaban ƙasa ta musanta, Majalisar Dattawa ta dakatar da shi wata uku, ta dawo da shi kafin wa'adin ya cika. Ni ba zan rantse maka a kan adadinsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a zaman da aka hukunta shi wani sanata daga Kuros Riba ya miƙe ya ce an ba manyan sanatoci ayyukan naira miliyan 500 kowanne shi bai samu ba, zauren ya kaure da hayaniya. Ranar na ga zafin rai da jijiyar wuya irin wanda ban taɓa gani ba a muhawarar farashin abinci.

Kasafin ana sa shi a intanet, shafin ofishin kasafi na Tarayya. Kai da ke da waya da ƙuruciyar ido, nemo sunan ƙaramar hukumarku a ciki. Za ka ga fitilun sola da baburan rabo da taron horaswa, wani lokaci a ƙarƙashin wata kwaleji ko cibiyar bincike da ke can wata jiha. Rubuta su a takarda, ka je ka duba ko suna ƙasa, ka turo mini abin da ka gani.

Tambaya: Malam, mu nan bakin iyaka muna gani. Janar Tiani ya rage kuɗin mai da siminti da na asibiti a Nijar da sanarwa ɗaya, ba majalisa ba surutu. Ba wannan ne maganin ba?
*Wani direba daga Jibiya*

Amsa: Malam direba, Allah ya kiyaye hanya. An rage ɗin, a Yulin 2024 litar fetur ta koma sefa 499. Amma lura da kayan da ya taɓa. Man daga matatar SORAZ ta Damagaram yake fitowa, kamfanin gwamnati SONIDEP ke rarraba shi, asibitocin ma nata ne. Mai kaya ne ya rage wa kayansa kuɗi. Da aka zo kan hatsi, wanda ke hannun dubban manoma da 'yan kasuwa, sai aka bi ta hana fitar da shi waje a Oktoban 2024, da kuma sayarwa da rahusa daga rumbunan OPVN, hukumar ajiyar abinci ta gwamnatin ƙasar, abin da Nijar ta daɗe tana yi tun kafin sojoji.

Man ma ai ka ga yadda ta kaya. Shekara da shekaru fetur ɗin Najeriya mai tallafi ne ke tsallakawa ta wajenku yana cike giɓin Maraɗi da Ƙonni. Da ya yi tsada ya daina zuwa, kowa ya koma gidan mai, matatar da aka gina a 2011 don ganga 20,000 a rana ta kasa ɗaukar nauyin. A Maris 2025 layin mai ya miƙe a Yamai, farashi yana nan 499 a allo, famfo kuma a bushe, sai da aka nemi tankoki daga Najeriya. Kai da ke bin hanyar ka fi ni sanin nawa 'yan bumburutu suka sayar da kwalba a makonnin nan.

Mai tambaya a kan kuɗin wutar lantarki daga Gombe, wasiƙarka ta iso, amma hoton takardar bil ɗin bai fito ba. Sake ɗauka da rana ka turo, mu duba ta a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.